Shirun da Na Yi a Tabarmar Alhaji Bukar

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu, wanda ya yarda na sake tsayawa a kan ƙafafuna yau. Baba Fasto, dattawa, iyayenmu mata, na gode da kuka ba ni fili. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Bitrus, dilan bandar kifi ne ni a kasuwar nan ta Haɗeja. A garin nan aka haife ni. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifina ƙasar nan, ya zauna, a nan kuma muka binne shi.

Ku yi haƙuri da ni, shaidata ba mai daɗin ji ba ce. Ni kaina in na tuna sai in ji kamar in tofar da yawu. Ban sha giya ba, ban bi mata ba, ban taɓa ɗaukar kayan wani ba. Shi ya sa shekara da shekaru nake zaune a bencin can na uku ina kallon masu ba da shaida, ina cewa a raina, Allah sarki, masu zunubi. Ashe nawa zunubin yana gabana ya yi tulu, har ba na iya hango yatsun ƙafata. Cikina ne ya kusa kai ni kabari. Bakina kuma, da na kasa buɗewa in faɗi gaskiya, ya jawo wa wani bawan Allah abin da har yau yake fama da shi.

A unguwarmu gidana ne kaɗai na Kirista. Maƙwabtana duk Musulmi ne, kuma ina faɗa a gaban Allah, ban taɓa zama da mutanen kirki kamarsu ba. Babban aminina a cikinsu shi ne Alhaji Bukar, mai sayar da shinkafa buhu-buhu. Tare muka tashi, tare muka sha duka saboda iyo a kogi. Ranar da mahaifina ya yanke jiki ya faɗi, bai ƙara shurawa ba, Alhaji ne ya tuɓe riga ya shiga haƙar kabari. A ƙofar gidansa akwai darbejiya, a gindinta ake shimfiɗa tabarma. Kowace yamma magidanta shida, kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a tsakiya a ci tare. Fiye da shekara ashirin ina kan tabarmar nan, ba wanda ya taɓa matsar da kwanonsa daga gabana.

To, ku ji irin rayuwar da na ɗora a kan wannan alheri.

In watan azumi ya kama, ni ba azumi nake yi ba. Da safe in karya da shayi mai kauri da burodi da ƙwai. Da rana in lallaɓa gida in rufe ƙofa, wai don girmama masu azumi, in share tuwo malmala uku. Amma ana kiran sallar magariba, wa za a fara gani a tabarma? Bitrus. Mutanen da suka yini ko ruwa ba su kurɓa ba za su ci dabino da ɗan ƙosai su dakata su yi salla. Ni da na yini ina ci, ni ne mai gadin kwanuka, kuma gadin da nake yi da baki nake yinsa. Kunun gyaɗa, soyayyen dankali da ƙwai, farfesun kayan ciki, funkaso, lemon kwalba biyu a kai. In na koma gida kuma in tarar gidaje huɗu sun aiko wa matata Rifkatu da nasu kwanon, don ba a barin maƙwabci a watan nan. Wai kada a mayar da kwano da abinci a ciki, rashin kunya ne. Wa zai kare mutuncin gida? Ni ne dai. Kwana talatin cur haka nake yi.

Sallar layya kuwa ba a magana. Ni ban yanka ko kaza ba, amma naman da ke shiga gidana ya fi na wanda ya kayar da sa. Abin da na fi so a ciki shi ne kakide, man kitsen nan da ke fita in an soya naman salla, ya daskare ya yi fari. A kan shinkafa da wake nake zuba shi, in ƙara gishiri da yaji. Kafin naman ya ƙare Kirsimeti na hanya, a sake sabon lale. Har suna abokaina suka sa mini, Mai Salla Uku. In aka kira ni haka a kasuwa sai in washe baki in ɗaga hannu, kamar an naɗa ni sarauta. Tir da wannan suna.

Da ƙuruciya ni ke tuƙa kwalekwale da gora, in ɗauki kwandon kifi a ka daga bakin ruwa har titi. Tun da na zama dila sai na zama kayan ado a kan benci. Daga safe har la'asar ina zaune a rumfa cikin hayaƙin banda, ina ihu a waya, raina na ɓaci da direbobi. Tsallaka titi ma sai na hau babur. Teɓa ta fito, wuya ya haɗe da kafaɗa, mutane kuma suna yi mini barka. "Bitrus ya huta," in ji su. "Ga alamar arziki nan." A cikin cocin nan ma an faɗa mini haka, kuma masu faɗar suna zaune suna jina, ba zan nuna kowa ba.

Jiki ya daɗe yana yi mini magana. Takalmina ya daina shiga da yamma. In na sunkuya sai in ji kaina na sarawa ta ƙeya. In na yi 'yar tafiya sai haki. Na ce basir ne. Na sayi jiƙo a galan wurin wani mai magani da ke yawo da lasifika, na sha har ya ƙare, ban da gudawa ba abin da ya ƙara mini.

Ranar da asirina ya fara tonuwa na je sayen banda ne wani ƙauyen masunta ta wajen Baturiya. Kafin in bar gida na ci waina da miya, a hanya na ƙara da tsire mai kitse. Muka haye ruwa, na sauka daga kwalekwale, saura in hau gaɓa. Gaɓar da a da nake hawa a guje da kaya a ka. Ban kai rabi ba na tsaya, numfashi ya ƙi zuwa. Sai ga wata tsohuwa, ta haifi kamata, da kwandon kifi a kanta, ta zo ta gefena tana hawa abinta. Ta dube ni ta ce, "Sannu Alhaji, ko in kama maka hannu?" Teɓar ce ta sa ta ba ni Alhaji. Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai ƙasa ta juya, na durƙusa na yi ta kwara amai. Na ga abin da ya fito daga cikina a kan yashi, mai yana ƙyalli a samansa, ƙudaje sun taru nan da nan. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta ranar ba.

Direbana ya dawo da ni gida. Rifkatu ta ruga ta kira Mama Hannatu, nas ɗinmu da ke zaune can a layin mata. Ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sai ta ce, "Ɗauko mayafinki, Rifkatu, asibiti za mu."

Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata Ladi ba. Ta danna mini babban yatsa a ƙwauri, ta ɗauke, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, kamar an danna tuwo. Bayan an yi hoto da gwaje-gwaje ta zaunar da ni ta ce, "Baba, hawan jini ya daɗe a jikinka, har ya gajiyar da zuciyarka, ta fara kumbura. Me kake ci?"

Na ce, "Abin da kowa ke ci."

"Da su wa kake ci?"

Na yi mamakin tambayar. Ta sa na kwashe mata komai, tabarma da benci da babur, har da yadda mahaifina ya rasu. Ta ce, "To ka gani. Akwai na gado, wannan ba yadda za ka yi da shi. Amma gishirin nan da kitsen nan da zaƙin nan, da zama wuri ɗaya, da ɓacin ran kasuwa, duk a hannunka suke. Magani zan ba ka, ka sha kullum. Amma mutum ba shi kaɗai yake cin abinci ba, Baba. In waɗanda kuke ci tare ba su san halin da kake ciki ba, da hannunsu za su yi ta tura maka abin da zai kashe ka, suna ganin ƙauna suke yi. Ka faɗa musu."

Na ce to. A raina kuwa na ce, yarinya, ba ki san garin nan ba.

Bari in faɗa muku abin da nake tsoro, don kada ku ce hauka ne zalla. Na farko, a kasuwa in aka ji dila na da ciwon zuciya, sai a fara yi masa kallon wanda ya kusa, masunta su karkata wurin wani. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne tabarmar. Ni kaɗai ne Kirista a kanta. In na wayi gari na janye hannuna daga kwanon gidan Alhaji, me za a ce? Za a ce Bitrus ya fara ƙyamar abincin Musulmi. Za a ce a coci aka zuga shi. Na san yadda irin wannan magana ke yawo, na san kuma ba ta dawowa. Shaiɗan ya riƙe ni da wannan, ya kuma samu abokin aiki, wato kwaɗayina. Gaskiyar Allah, rabin tsoron nan na gaske ne, rabi kuwa hujja ce kawai na samu don in ci gaba da lasar yatsa.

Sai na hana Rifkatu da Mama Hannatu faɗa wa kowa. Na ce wa abokaina rana ce ta buge ni a Baturiya.

Bayan 'yan makonni azumi ya kama. A gida Rifkatu ta juya tukunya gaba ɗaya. Ta rage gishiri, ta daina jefa dunƙulen magi biyar a miya, ta koma zogale da kuɓewa da kifi gasasshe. Ina ci ina yatsina fuska kamar an ba ni magani. In na haɗiye ƙwayoyina a ɓoye a bayan ƙofa, sai in goge baki in nufi tabarma. Alhaji ya tsamo tsoka mai kitse ya turo gabana ya ce, "Ci, mutumina, Hajiya don kai ta ajiye wannan." In ce, "Allah ya saka wa Hajiya," in kai baki.

Wata rana na dawo, Rifkatu ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Baban Ladi, miƙo hannunka." Ta shinshina, ta sake shi kamar ta taɓa ƙazanta.

"Ni kake mayarwa mahaukaciya? Ina tsaye a rana ina tsinke maka zogale, kai kana waje kana haƙa kabarinka da cokali? Gobe zan shiga wurin Hajiya in faɗa mata komai."

Na ce, "In kika taka gidan nan da maganar nan, ni da ke ne."

Ta ce, "To ka zaɓo mini wanda zai riƙa sayo mana gero in ka tafi, don ni ban shirya takaba ba." Ta shige ɗaki tana kuka. Ni kuma na tsaya ina gyatsar farfesu. Ku dubi mutumin da kuke kira dattijo.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ya fi ci mini rai ba. Ga shi nan tafe.

Kwana uku da kama azumi, ina zaune a tabarma, Alhaji Bukar ya ɗauki buta zai yi alwala. Ya zare takalminsa. Na ga igiyar takalmin ta bar masa rami a bayan ƙafa, ƙafar ta yi suntum tana sheƙi. Irin tawa sak. Da ya miƙe sai da ya dafa darbejiya yana haki. Ya zauna kusa da ni yana murza ƙeya ya ce, "Bitrus, kwanan nan kaina kamar ana sara da gatari. Ƙwayar ciwon kai har ta daina yi mini aiki."

'Yan'uwa, na sani. Ba zato nake ba, na sani, don likita ta zayyana mini su ɗaya bayan ɗaya. Kalma nawa ce? Alhaji, je ka a auna jininka. Amma in na faɗa zai ce, kai ina ka sani? Daga nan nawa asirin ya tonu. Sai na kalli mutumin da ya haƙa kabarin ubana, na yi murmushi na ce, "Azumi ne, Alhaji. Ana shan ruwa zai wuce."

Ya ce, "Haka ne kuwa." Ya yarda da ni, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Kullum sai na ga ƙafar nan. Kullum sai na kawar da kai na sa hannu a kwano. Ran Lahadi kuma in zo nan in ɗaga hannu sama ina waƙa, ina roƙon Ubangiji ya warkar da ni. Wace irin addu'a ce wannan? Baki na roƙon warkarwa, maiƙon jiya bai gama fita daga haƙori ba. Azumi ya wuce, ƙaramar salla ta wuce, ban ce uffan ba. Na ƙirga daga baya, sama da wata uku na yi ina kallonsa.

Sallar layya ta zo. Kamar kowace shekara, Alhaji ya aiko da cinya guda da kwalbar kakide cike, don ya san abin da mutuminsa ke so. Rifkatu ta karɓa ta yi godiya, ta raba naman, kwalbar kuma ta ɓoye. Rana ta uku da azahar ta tafi taron zumuntar mata. Tana fita na shiga kicin ina bincike kamar ɓera. Na same ta a bayan buhun gero. Ban ko nemi shinkafa ba. Na tsuguna a wurin, na yaga burodi ina dangwala, ina sauri kada a dawo a kama ni. Mutum mai jikoki, a gidan da ya gina da guminsa.

Ban kai rabin kwalbar ba na ji kamar an ɗora mini buhun shinkafa a ƙirji. Zafi ya bi ta hannun hagu ya hau muƙamuƙi. Gumi ya karyo. Na zame na kwanta a ƙasan kicin, kwalbar ta kife, man ya bi rigata. Na so in yi kira, murya ta ƙi fita. Ba kowa a gidan.

A nan, a ƙasa, kuncina a kan siminti, na ga yadda za a tsince ni. Gawa da maiƙo a baki da gutsuren burodi a hannu. Na ga Rifkatu tana goge mini baki kafin mutane su shigo, don ta rufa mini asiri ko a mace. Sai kuma na ga ƙafar Alhaji. Na ce, in na tafi yanzu, na tafi da maganar da za ta cece shi.

A ranar na yi addu'ar gaskiya ta farko cikin shekaru. Ba ta da tsari. Na ce, "Yesu, ni ƙazami ne. Na mai da cikina ubangijina. Na yi wa matata ƙarya, na yi wa aminina ƙarya, na zo gidanka na yi maka ƙarya. Ban cancanci ka tashe ni ba. Amma in ka ara mini kwana ɗaya, zan faɗa. Ko za su kore ni daga tabarmar, zan faɗa." Ina ta maimaita sunansa a zuci, don shi kaɗai ya rage mini.

Ciwon bai tafi ba, kada in ƙara gishiri a shaida. Amma tsoron nan da ya shaƙe ni wata da watanni, na ji ya sake ni. Kuma ku ji ikon Allah: Rifkatu da ba ta taɓa barin taro a tsakiya ba, ranar ta manta littafin waƙarta, ta ce bari ta dawo ta ɗauka. Ita da Mama Hannatu suka shigo tare. Yabo ga Ubangiji!

A asibiti aka yi ta fama da ni har na dawo hayyacina. Likitar nan ta zo ta tsaya a kaina, ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Baba, ba kowa ake ba wa dama ta biyu ba."

Washegari da hantsi sai ga 'yan tabarma su biyar, Alhaji a gaba, riƙe da kular abinci. Ya ajiye ya ce, "Mai Salla Uku, ka ba mu tsoro. Zazzaɓi ne ko? Ga farfesun ƙafar sa, Hajiya ta ce ka shanye duka ka ji ƙarfi."

Ga ƙofa a buɗe, in ce zazzaɓi ne a wuce wurin. Rifkatu tana tsaye a jikin bango ta zuba mini ido. Na ce, "Alhaji, ba zazzaɓi ba ne. Ciwon zuciya gare ni. An faɗa mini tun kafin azumi, an hana ni kitse da gishiri da zaƙi. Na ɓoye muku. Na ji tsoron in na daina cin abincinku za ku ce ƙyamarku nake yi."

Na ga fuskar Alhaji ta canza, na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya zo.

Ya ce, "Maimaita."

Na maimaita.

Ya ce, "Amma kai ka cika ɗan rainin hankali. Shekara hamsin muna tare, abin da ka ɗauke ni ke nan? Ka zauna ka bar ni ina tsamo guba da hannuna ina ba ka, kana ce mini Allah ya saka? Da ka mutu fa? In ce wa Rifkatu me? In ce wa Allah me?" Ya ɗauke kular daga gefen gadona ya miƙa wa na bayansa ya ce a fita da ita. Ba wanda ya ambaci addini, ko da wasa. Dodon da na yi wata huɗu ina yi wa bauta, ashe babu shi sam.

Na kama hannun rigarsa na ce, "Saura ɗaya, Alhaji. Ƙafarka da ke kumbura, da hakin nan, da ciwon ƙeya. Irin nawa ne. Ga likita nan, don Allah ka zauna a auna ka yanzu."

Ya ja tsaki. "Ka ji ka. Kai da ke kwance kai ne kake raba wa na tsaye ciwo?"

Na yi ta roƙonsa har da hawaye. Da ƙyar ya ce, "Na ji. Gobe ina da kaya a kasuwar Kafin Hausa. In na dawo, jibi, zan zo a ɗaura mini abin, don ka bar ni in huta."

Bai kai jibin ba. Washegari yana tsaye ana auna masa shinkafa ya faɗi. Da la'asar aka shigo da shi ɗakin da nake, gado biyu tsakaninmu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ina kwance ina jin Hajiya tana kiran sunansa, shi kuma yana ƙoƙarin amsawa, yawu na zuba. Na juya fuska bango. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Allah cikin jinƙansa ya bar mu mu biyu da rai. Ni aka fara sallama. Yau ga ni, kumburi ya saɓe, na sa an rage mini wanduna sau biyu, ina hawa gaɓar nan ba tare da wata tsohuwa ta tausaya mini ba. Magani ina sha kullum, kuma a fili nake sha. Babur sai tafiya mai nisa. Tabarma tana nan, ina kanta. Su da kansu suka ce wa matansu a rage mai da gishiri, kuma Mama Hannatu ta je har gindin darbejiya ta auna kowa, aka samu biyu da ba su san suna ɗauke da hawan jini ba.

Alhaji ya yi wata biyu kafin maganarsa ta fara fita. Likita ta ce mu duka biyu sai mun riƙa tafiya, don haka kowace safiya nake zuwa in ɗauke shi. In riƙe hannun da ya shanye, shi kuma ya dogara sanda da ɗayan, mu taka a hankali zuwa bakin gada mu dawo. Wata safiya muna tsakiyar hanya ya tsaya. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, don har yanzu da ƙyar suke fita.

"Bitrus. Ƙafata. Tun yaushe ka gani?"

Na so in ce kwanan nan ne. Ƙaryar har ta zo bakina, don tsohon hali ba ya mutuwa rana ɗaya. Na tuna ƙasan kicin. Na ce, "Tun kwana uku da kama azumi, Alhaji. Ranar da na ce maka azumi ne."

Ya dube ni. Masu babur na wucewa, mu muna tsaye. Sai ya ce, "Matsoraci."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Riƙe ni da kyau. Mu ƙarasa."

Ban san ko da na yi magana tun ranar da hakan ba ta same shi ba. Na tambayi likita, ta ce wannan Allah kaɗai ya sani, amma da an fara ba shi magani da wuri da ya fi. Ba ta ɓoye mini ba, ni ma ba zan ɓoye muku ba.

Ina gode wa Yesu da ya tsince ni a ƙasan kicin cikin ƙazantata bai kawar da kai ba. Ina gode masa don Rifkatu, da na wahalar, ta kuma yafe. Ina roƙonku ku sa Alhaji Bukar cikin addu'a, Ubangiji ya dawo masa da hannunsa. Ku dogara ga Allah, ba ya kunyatar da wanda ya faɗi gaskiya, ni shaida ne. Mama Hannatu ta zo da abin awonta yau, tana nan a bakin ƙofa bayan an tashi, kada wanda ya zame. In kuma akwai wanda kuke ci kwano ɗaya, ka ga abu a jikinsa ka sani, kada ka jira gobe, daga nan ka wuce gidansa. Ni na jira, kuma kowace safiya ina riƙe da hannun da jiran nan ya shanye.

Sunan Yesu ya sami ɗaukaka. Amin.